Na Miƙe da Ƙafata: Saƙon Godiya Daga Cantaburi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya da yamma na taka daga ƙofar gida har bakin kogi na dawo, ba sanda, ba wanda ya riƙe ni. Alhamdulillahi. Tun ina kwance na yi wa kaina alkawarin cewa ranar da hakan ta faru zan zauna in yi godiya a bainar jama'a, domin alherin da aka yi mini ya fi ƙarfin in faɗe shi a waya ɗaya bayan ɗaya.

Ga waɗanda labarin bai kai musu ba: wata 5 da suka wuce mota ta kaɗe ni a kan babur a nan Cantaburi, gabashin ƙasar Tailan, kusa da iyakar Kambodiya, tafiyar kusan awa 4 daga Bankok. Abokan sana'armu sun san garin. Nan ake kawo duwatsu masu daraja irin su safaya da tomalin daga ƙasashe da dama, har da namu na Mambila, a ƙona su, a yanka, a goge, sannan a baje su a kasuwar titin Si Can daga Juma'a zuwa Lahadi. Lokacin duriyan ne, wani ɗan itace mai ƙaya a bawo, motocin a-kori-kura sun cika hanya da kaya, ruwa ya sauka, kwalta ta yi santsi. Ban ga motar ba. Na farka a asibiti ƙashin cinyata ta dama ya rabu biyu, an sa mini ƙarfe. Takardar da ke maƙale a gadona tana ɗauke da shekarar 2567, sai da na yi jim kafin na tuna cewa su da kalandar Buddha suke lissafi, suna gaba da ta Miladiyya da shekara 543.

Godiya ta farko ga Allah da Ya bar ni da rai. Sai Hajiyarmu, wadda aka ɓoye mata labarin kwana uku amma ta ce jikinta ya ba ta tun daren farko. Hajiya, ki yafe mana ɓoyon. Sai uwargida, da ta riƙe gida da yara a Jos ita kaɗai, ba ta taɓa bari na ji rawar murya a waya ba, ko da yake na san akwai ta. Sai 'yan'uwa 'yan Gini da Mali da Najeriya da muke Juma'a tare, waɗanda suka yi karo-karo kafin ma in farfaɗo. Sai masu kayan da ke hannuna, da ba wanda ya tambaye ni dutsensa kafin ya tambaye ni jikina. Allah Ya saka muku da mafificin alheri. Likitoci da ma'aikatan jinya su ma sun yi aikinsu da kyau, na gode.

Amma akwai mutum uku da zan daɗe a kansu, kuma dukkansu mabiya addinin Buddha ne. Na san wasu za su yi mamakin ganin ɗan Musulmi ya cika shafi da yabon waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Ni dai an koya mana tun muna yara cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma ban ga inda aka ce sai an tambayi addinin mutum kafin a gode masa ba.

Na farko ban ma san sunansa ba. A Tailan yawancin waɗanda ke fara isa wurin hatsari 'yan sa-kai ne na ƙungiyoyin agaji, suna yi ne don neman lada, abin da suke kira tam bun. A aljihuna na ciki akwai ƙunshin takarda guda 6, safaya ce ta mutane, amanar da in ta ɓata sai na sayar da gida kafin in biya. Da na farka, ita na fara lalube. Babu. Wallahi zafin da na ji a ƙirji ya fi na cinya. Washegari sai ga wani saurayi da rigar 'yan agaji ya shigo da leda ɗaure, ya ajiye a kan gadon, ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji yadda suke gaisuwa. Ƙunshi 6 cif, har da ƙwaya biyu da suka zube a kwalta ya tsince ya naɗe su daban a auduga. Na ciro kuɗi, ya ja da baya yana girgiza kai. Daga baya aka fassara mini abin da ya ce: yana riƙe da dokoki biyar. Su ne alkawuran da duk mai bin Buddha da ba ɗan zuhudu ba, wato bai bar harkar duniya ya tare a gidan ibada ba, yake ɗauka: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi alfasha, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Da yawa suna karanta su da baki kawai, kamar yadda mu ma muke da masu yi da baki. Wannan yaron ya riƙe ta biyun a gefen hanya, cikin ruwa, ba wanda yake kallonsa. Ƙanina, duk inda kake, na gode.

Ta biyu ita ce mai gidan da nake haya. Kowa Pa yake ce mata, wato gwaggo, ni ma haka nake kiranta. Ta haura shekara 60, tana sayar da 'ya'yan itace. Da aka sallame ni ba zan iya hawa bene ba, sai ta kwashe kayanta daga ɗakin ƙasa ta ba ni. Ta sayo sabuwar tukunya da cokula ta ware su, don ta san ba ma cin alade kuma ba ta so ko ƙamshinsa ya taɓa abincina. Kifi da ƙwai da ganye ta riƙa dafa mini, in kuma kaza ce sai ta aiki jikarta wurin mahauci Musulmi. Ta lura ina ta fama in karkata jikina idan zan yi salla, ta tambaya, na nuna mata alƙibla, wadda a nan yamma take ba gabas ba kamar a gida. Da yamma ta kira maƙwabta biyu suka juya gadon gaba ɗaya. Da na yi mata bayanin taimama, cewa ba zan iya zuwa wurin ruwa kowane lokaci ba, bayan kwana biyu ta kawo mini wani dutse mai faɗi, sumul, ta wanke shi ta ajiye a inda hannuna zai kai.

Daga wannan gadon ne na ga yadda take tafiyar da addininta, domin taga tana kallon ƙofar gida. Kafin in idar da sallar asuba ta riga ta dafa shinkafa. Gari na wayewa sai 'yan zuhudu su biyo layi cikin mayafi ruwan goro, ba takalmi, kowa rungume da ƙwaryarsa ta ƙarfe. Ita ma sai ta cire takalmi, ta zuba wa kowa, ta durƙusa. Ba sa roƙo, ba sa kuma cewa an gode. Abin ya dame ni har na tambaya ta bakin jikarta. Pa ta ce ai ita ce ya kamata ta gode, tunda sun ba ta damar ta fara ranarta da sakin abin da ke hannunta. Abin da suka samu shi za su ci kafin rana ta take, daga nan ba abinci sai gobe.

Wannan na safe ne, kowa na iya gani. Abin da ya fi kama ni shi ne na sauran yini. Tururuwa ta shigo kicin, Pa ba ta fesa magani, tsintsiya take sawa ta kai su waje. Mai saye ya yi mata rashin kunya a gabana wata rana, na ga fuskarta ta canza, ta yi shiru kamar na numfashi uku, sannan ta amsa a hankali. Ƙanwarta ta ce mini kada in ruɗu, da can duk kasuwa ana tsoron bakin Pa. Shekaru ta yi tana aiki a kan harshenta kaɗai. Suna da kalma, jai yen, sanyin zuciya, kuma a wurinta abu ne da ake noma shi kullum kamar gona. Na tambaye ta me ya sa take wahala da baƙon da ba danginta ba. Ta ba ni labarin da ke cikin littattafansu, na ranar da Buddha ya tarar da wani almajirinsa kwance cikin ƙazantar gudawa, 'yan'uwansa sun guje shi, ya wanke shi da hannunsa, ya ce wa sauran duk mai son yi masa hidima ya yi wa mara lafiya. Ta faɗa ta ci gaba da yanka mangwaro. Pa, ba ni da abin da zan biya ki.

Na uku shi ne Lung, wato baffa, tsohon da ke yanka mini duwatsu shekara da shekaru. Kamar maza da yawa a ƙasar, ya taɓa aske kai ya shiga zuhudu na wata uku na damina yana saurayi, lokacin da suke kira pansa. Shi ya zo ya same ni a mafi munin halin da na shiga. Sati na shida ne, barci ya ƙaurace mini, kuma gaskiya ba ciwon kaɗai ba ne. Direban nake ta juyawa a raina. Ina lissafin kasuwar da ta wuce ni, ina raya cewa ƙafar ba za ta koma daidai ba, ina tsara maganar da zan gaya masa in na gan shi. Na rame, na zama mai faɗa, har Pa na yi wa tsawa sau ɗaya a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Lung ya zauna ya ce Buddha ya yi misali da mutumin da aka harba da kibiya, sai kuma aka ƙara masa ta biyu a wuri guda. Ta farko ciwon jiki ce, ba wanda ya tsira daga gare ta. Ta biyu mutum ne ke harbin kansa da ita: baƙin ciki, da me ya sa ni, da tsoron gobe. Sai ya ciro madubin duba dutse daga aljihu ya ɗora mini a hannu. Ya ce idan an kawo mini safaya mai tsaga ba na jefar da ita don haushi, ina sa ta a haske in ga inda tsagar ta fara da inda ta tsaya. Ya ce in yi wa ciwon haka. In kwanta, in bi numfashina yana shiga yana fita, in duba: a ina yake, zafi ne ko suka ko nauyi, yana nan daram ko yana motsi. Su suna maimaita Buddho, wato sunan Buddha, tare da numfashin, amma ya ce ni in riƙe kalmar addinina, kada in ari tasa.

Ban yi gaban kaina ba. Na kira malaminmu a gida na zayyana masa komai. Ya ce kada in rusuna wa gunki, kada in karanta abin da suke karantawa, amma mutum ya natsu ya lura da zuciyarsa yana ambaton Allah ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya tuna mini mutumin da ya nemi wasiyya wurin Manzon Allah (SAW) aka ce masa kada ya yi fushi, aka maimaita masa. Malam, na gode da ba ka rufe ni da faɗa ba.

Daren nan na gwada, da hasbunallahu wa ni'imal wakil. Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Ciwon da nake ɗauka ya cinye ƙafar gaba ɗaya ashe wuri ne da bai fi tafin hannu ba, sama da gwiwa kaɗan, kuma yana zuwa ne yana lafawa kamar bugun ganga. Tsakanin bugu da bugu akwai sarari. Da tunanin direban ya taso sai na ji cinyar ta ɗaure, zafin ya ninka. Na koma kan numfashi, ta saki. Na yi haka ban san sau nawa ba, har kiran sallar da na saita a waya ya tashe ni. Ciwon bai tafi ba, ya ɗauki watanni, kuma akwai dararen da dabarar ta ƙi ci sam. Amma daga ranar na san wanne ne na ƙashi, wanne ne nawa.

Direban ya zo a sati na tara, yaro ne da bai wuce sa'ar ƙanina na uku ba, tare da mahaifiyarsa, da kwandon 'ya'yan itace da furen da suke saƙawa don neman gafara. Ya durƙusa a gaban gadon yana rawar jiki. Maganar da na yi sati shida ina wasawa na neme ta na rasa. Na ce masa na yafe, kuma har zuciyata. Inshora ta biya abin da za ta biya, sauran na bar shi. Ina roƙon 'yan'uwa da suka yi ta cewa a bi shi a kotu su yi haƙuri su bar maganar, na rufe ta.

Ina nan a kan addinina, ina kuma roƙon Allah Ya kashe ni a kansa. Pa da Lung ba su taɓa nemana da in bar shi ba, ni ma na gaya musu abin da na yi imani da shi a fili, suka saurara. Ina yi musu addu'ar shiriya da alheri, na kuma gaya musu ina yi, Pa ta ce ita ma kullum tana sa ni cikin waɗanda take yi wa fatan lafiya kafin ta kwanta.

Duk wanda ya kira, ya aiko saƙo, ya yi addu'a, ko ya leƙa Hajiya da yara ban ambace shi ba, ya yafe mini, yawa ne ya hana. Masu kaya, an yanka duwatsunku, Lung ya yi aikin da kansa, kuma zan kira kowa mu yi lissafi kafin in taso. In Allah Ya yarda ina Jos ƙarshen wata mai zuwa. Likita ya ce ƙarfen zai zauna aƙalla shekara guda, don haka kada a yi mamaki in an ga ina salla a kan kujera. Dutsen taimamar na roƙi Pa ta bar mini, ta naɗe shi a tsumma ta sa mini a jaka tun jiya.

Wassalamu alaikum.