Abin da rubuta auren jarumai biyu ya koya min a gidan rediyo

Aikina rubuta wasan kwaikwayo ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa nan Damagaram, ni ke rubutawa wasu su hau murya, in an gama watsawa mu yanka shi gunduwa gunduwa mu tura a WhatsApp saboda mutanen da tashar ba ta kai musu. Na rubuta na kishiya, na rubuta na rabon gado, na rubuta na yaron da ya tafi Libiya bai dawo ba, amma wanda ya fi koya min aiki shi ne na wasu mata da miji masu baiwar da ta fi ta ɗan adam, irin jaruman nan da yaranmu ke kallo a waya da gidan kallo, masu tashi sama da ɗaga mota da hannu guda. Matasan fadarmu ne suka matsa min wajen shan shayi, wai kullum sai na Amurka za mu riƙa kallo, mu ba mu da namu ne? Na ce to bari a gwada.

Wajen ƙarfin da za a ba su ban sha wuya ba don muna da abinmu tun kaka da kakanni. Mijin na ba shi tauri, ƙarfe ba ya cinsa, irin na 'yan tauri masu wasa da wuƙa lokacin salla, sai dai nasa ya wuce nan har harsashi kauce masa yake. Matar kuma ɓacewa take, abin da tsofaffi ke kira layar zana. Amma ban sa boka ko laya a ciki ba, baiwa ce aka haife su da ita, don na san in na sa tsafi tun sati na farko malamai za su bugo waya kuma da gaskiyarsu, labarin ya koma gardamar shirka, ni kuwa ba can na nufa ba.

Abu na farko da aikin ya nuna min shi ne rufe fuska ba ya aiki a garinmu. Su can inda aka ƙirƙiro irin wannan labari, tun wajen 1938 a littattafan zane na Amurka, jarumi na zaune a birni mai miliyoyin mutane, daga shi sai matarsa da yara a bene, maƙwabci ko sunansa bai sani ba, sai ya ɗaura ƙyalle a fuska ya fita shikenan ba mai gane shi. To kai ka gwada wannan a Birni, cikin lungunan nan na bayan gidan sarki, inda tsohuwa mai ƙosai ta san tafiyarka tun kana tatata, ta san takalminka ta san tarinka. Ko Zango ko Garin Malam ko Kara-Kara duk haka ne, ka fita ƙarfe biyun dare kafin a sallame asuba an san ɗan gidan wane ne. Shi ya sa a namu labarin kowa ya san su, kuma nan hatsarin ya zama na gaske, don duk wanda mijin ya taka wa wutsiya ya san ƙofar gidansa, ya san lakwal ɗin, wato makarantar, da 'yarsa take, ya san ɗan kabu-kabun da ke ɗauko ta da rana. Shi ƙarfe ba ya cinsa amma yaran fa jini da tsoka ne irin na kowa, ba su gaji komai ba tukuna.

Muna tsakiyar rubutun aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar, CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, kuran ɗin, wato wutar lantarkin, da ke zuwo mana ta layin Katsina aka yanke shi, sitidiyo sai da gurup, wato janareta, muke aiki man ma sai an yi lissafi, magani ya yi wuya a farmasi. Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane abin da rufe wannan iyaka ke nufi gare mu ba. Daga Damagaram zuwa Kano wajen kilomita 240 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 900, kuma tun zamanin Sarki Tanimun da ma kafinsa fatake ke bin hanyar nan suna kai da kawowa, Turawan Faransa da na Ingila ne suka zo suka ja layi a farkon ƙarnin da ya wuce, layin ya ratsa ta tsakiyar dangi. Ka je Matamai ko Magarya ka tambaya, da wuya ka samu gidan da ba shi da wani a Daura ko Kazaure ko Kano. Sai na ga rigimar da nake nema wa ma'auratan nan ga ta a bakin ƙofa, ba sai na ƙirƙiro dodo daga wata duniya ba. Na maida matar 'yar Daura, mahaifiyarta na kwance ba lafiya can, ƙanenta kuma ɗan ruwa-ruwa ne mai shigo da mai ta ɓarauniyar hanya a kan babur. Mijin kuma ya dafa Alƙur'ani a gaban hukuma cewa zai tsare hanyar da dare saboda masu shigo da makamai, kuma duk wanda ya kama zai miƙa ko waye. Ita kuma in dare ya yi sai ta ɓace ta tsallaka ta yi jinyar uwarta, in za ta dawo ta ɗauko wa matan unguwa maganin ciwon suga da na hawan jini da suka rasa a nan.

Matasan da suka sa ni aikin abin da suke so shi ne a haɗa su faɗa, mijin da matar, a ga wa zai ci wa, tauri ko ɓacewa. Na ƙi, kuma har yau ina ganin wannan ƙin shi ne ya riƙe labarin. Don in ka maida ɗaya mugu ka huta, mai sauraro ma ya huta, ya zaɓi ɓangare ya yi barci. Amma mutumin nan ya rantse, kuma makaman da yake tarewa ba wasa ba ne, mu da muka ga mutanen Diffa da Boso suna sauka a tashoshinmu da ƙullin kaya a 2015 mun san abin da bindiga ke yi wa gari. Ita kuma uwa ce ta haife ta, wane malami ne zai ce mata ta bar uwarta kwance saboda takardar da aka sa wa hannu a Abuja? Duk biyun suna da gaskiya, kuma rubuta mutum biyu masu gaskiya da ke ɓata wa juna ya fi rubuta mugu wuya nesa ba kusa ba, kowane layi sai ka tsaya ka auna kar ka danne ɗaya. Masu bugo waya ma ba yadda na zata suka rabu ba, akwai wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ya ce shi yana bayan matar, akwai mata da yawa da suka ce in namiji ya karya rantsuwa yau saboda suruka gobe ma zai karya wadda ya yi miki.

Amma darasin da ya fi zauna min a rai daga matan sojoji na same shi. Na je na zauna da wasu daga cikinsu, ta hannun wata yayata da ke auren jandarma, don ina son in ji yadda ake zama da mutumin da aikinsa ke iya kashe shi. Ni na ɗauka za su yi ta maganar tsoro ne da rashin barci, kuma sun yi, musamman da aka tuno Inates a Disamban 2019 inda aka rasa sojoji 71, da Shinagodar a Janairun 2020 inda aka rasa 89, lokacin da kowace mai miji a bakin daga ke riƙe da waya tana jiran a kira. Sai dai abin da suka fi nanatawa wani ne daban. Wata ta ce min, ƙanena, tafiyar ba ta ɓata min rai don na san soja na aura, abin da ke ci na shi ne in ji a bakin matar abokinsa cewa an canza masa wuri tun wata guda, in na tambaye shi ya ce wai ba ya son hankalina ya tashi. Wata ta ce nata ya sayar da filinsu ya biya wa yara makaranta a wani gari don ya ga can ya fi tsaro, niyyarsa mai kyau ce, amma ita sai da aka zo auna filin ta sani. Wallahi na dawo gida na kasa cin tuwo, don na gane ba abokin gaba ke rushe irin wannan aure ba, shawarar da mutum ke yankewa shi kaɗai ce da sunan yana kare iyali, ya ɗauke wa matarsa nauyi ya haɗa da matsayinta ya ɗauke bai sani ba.

Da wannan na rubuta kashin da aka fi yin magana a kansa. Masu makaman sun aiko wa mijin saƙo da sunan lakwal ɗin 'yarsa da lokacin tashi, bai gaya wa matar ba, cikin dare ya kwashi yaran ya kai su wurin mahaifiyarsa a Mirya. Ita kuma a daren ta tsallaka Daura bai sani ba, don ƙanenta ya gaya mata jikin tsohuwa ya tashi. Kowa ya ɓoye wa kowa, kuma kowa don ɗan uwansa ya yi, shi kar ta firgita, ita kar ta sa shi zaɓi tsakanin rantsuwarsa da ita. Da asuba ta dawo ta tarar da ɗakin yara wayam.

A nan na koyi abubuwa daga abokan aiki da ba a koya min a makaranta ba. Rediyo ba a gani, to yaya za ka nuna mace ta ɓace? Mai haɗa mana sauti ne ya kawo dabara, ya ce a sa mata warwaro, duk inda take a gidan ana jin ƙararsu, in za ta ɓace sai ta cire ta ajiye a kan tabarma, daga nan ba sawu ba motsi. Sai ya zama da mai sauraro ya ji an ajiye warwaro ya san ta tafi, kuma ranar da mijin ya shigo ya taka su da ƙafa ba a buƙaci ko kalma ɗaya ba. Tantin da ke hawa muryar matar kuwa, dattijuwa ce da ta daɗe a harkar tun kafin in san me ake kira mikoro, ita ta tsara yadda za a yi haɗuwar tasu. Ta ce ɗan nan, macen da aka kwashe wa yara ba ihu take ba, kuma ba za ta kama sunansa ba ko na 'yar fari, za ta ɗumama masa koko ta kawo ta durƙusa ta ajiye, sannan ta ce Malam ina yaran. In ya fara bayani ta bar shi ya gama tsaf, ta ce na ji, kuma da ka tambaye ni da ni ma can zan ce a kai su, amma ba ka tambaye ni ba. Haka muka ɗauka, sau guda, ba a maimaita ba, yaron da ke riƙe da kwamfuta sai da ya fita waje.

Shi ma mijin na ba shi nasa, don in ba haka ba na karya abin da na faɗa a sama. Ya ce mata kin san dare nawa na tsaya a hanyar nan ina jin iska ta wuce ni ina addu'ar Allah sa ba ke ba ce, don in ke ce ban san abin da zan yi ba? Maza da yawa sun ce wannan layin ne ya kama su.

Wani abin kuma da labaran waje ba su da shi mu muna da shi, aure a nan ba na mutum biyu ba ne. Da ta yi yaji ina za ta? Gidansu na bayan iyakar da mijinta ke tsaro. Biko kuma wa zai je, ta wace hanya? Sai muka yi bikon da bokal na WhatsApp, kawunta da ya yi mata walicci yana turo murya daga Daura, baffan mijin na amsawa daga nan, rezo na yankewa ana sake turawa, kuma masu sauraro sun ce haka suka yi nasu sulhun da ta'aziyya da sanar da haihuwa duk tsawon watannin nan har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 aka buɗe hanya a Maris. Wadda ta warware ƙullin ma ba mai baiwa ba ce, tsohuwar nan ce ta Mirya, uwar mijin, da ta zaunar da ɗanta ta ce kai da wuƙa ba ta cinka ka ɗauka maganata ma ba za ta ci ka ba, wa ya ce ka kawo min jikoki uwarsu ba ta sani ba, tashi ka maida su ko ka kawo min ita mu zauna mu uku.

Ban rufe labarin da kowa ya ci nasara ba. Matar ta dawo ɗakinta bisa sharaɗin duk abin da ya shafi yara sai su biyu sun zauna, shi kuma ya je gaban hukumar ya gaya musu da bakinsa cewa matarsa na tsallakawa wurin uwarta, ya ce in za su sauke shi su sauke shi amma ba zai ci gaba da tsaro yana ɓoye wannan ba. Maganar ƙanen nata ɗan ruwa-ruwa na nan ban warware ba, don a gari ma ba a warware ta ba. Kashin da nake rubutawa yanzu 'yar tasu ta fari ce wuƙa ta sauka a kan yatsanta wajen yanka kuɓewa wuƙar ta lanƙwashe, uban na son a fara horar da ita tun yanzu saboda ta iya kare kanta, uwar ta ce ba wanda zai ji wannan magana a waje sai yarinyar ta gama lakwal, kuma wannan karon a ɗaki ɗaya suke gardamar, Tanti ta riga ta karɓi takardunta tana gyara min layukan uwar.