Mai kurkurar da na ɗauka yana kai min yara islamiyya

Har yau in na tuna ranar Talatar nan sai gabana ya faɗi wallahi. Ni sai ƙarfe 4 nake tashi aiki, baban yara kuma yana Kano wurin kasuwancinsa sai ƙarshen sati yake shigowa, mu muna Ƙofar Ƙaura a garin Katsina, islamiyyar tana can wajen Ƙofar Marusa, ga kuma lesin ɗin babbar 'yata Alhamis da Juma'a da ba a islamiyya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hawa ya tashi, na ga gara in samu mai kurkura (keke Napep) ɗaya mu yi jinga ta wata.

Na samu wani yaro mai ladabi, ko gaisuwa sai ya durƙusa. Na karɓi lambarsa, na ga inda yake tsayawa, muka yi ciniki dubu 30 a wata, shi ke nan na saki jiki. Abu ɗaya ne ban tambaya ba: kurkurar nan taka ce?

Ashe ba tasa ba ce. Ta wani ce yake ja yana kai balas kullum, su biyu ma suke karɓa-karɓa, shi safe wani yamma. Satin farko ya yi ta zuwa da kansa don in gan shi, daga nan sai ya miƙa wa ɗan'uwansa, yaron da ko gemu bai fito masa ba. Sati biyu cur wani baƙo yana ɗaukar min 'ya'ya ban sani ba! Su yara ai ba ruwansu, in dai an saya musu alawa.

Ranar Talatar na dawo na tarar da biyu a tsakar gida suna cin abinci, na ce ina auta, suka ce ai sun ɗauka tana wurina. Ɗan'uwan nasa ya manta su uku ne, ya kwaso fasinja a hanya ya cika, ya ga yara biyu ya ja. Ana kiran magariba na fita ko takalmi ban sa daidai ba, kuma kowa ya san halin da muke ciki a jihar nan, babu abin da bai zo min a rai ba. Na same ta zaune bakin ƙofar makarantar, allonta a cinya, hawaye sun bushe a fuska, malaminsu ya tsaya da ita bai tafi masallaci ba. Allah Ya saka masa.

Da na kira wanda na ɗauka wai "Hajiya ki yi haƙuri, ƙanena ne." Ƙanenka na ɗauka ko kai? Abin da ya fi ci min rai ke nan, da ya faɗa min tun farko ai da na san abin yi.

Yanzu wani dattijo ne a layinmu, kurkurar tasa ce, mai unguwa ya san shi, baban yara ya je har gidansa. Na ce masa Baba, ranar da ba za ka samu zuwa ba ka kira ni, kada ka turo kowa, kuma ba ɗaukar fasinja in yara na ciki, na ƙara masa dubu 10 a kan haka. Malaman ma na ce kada su ba kowa yarana sai shi. Babbar kuma in sun shiga sai ta ƙirga ƙannenta da ƙarfi kafin a tashi.