Tarihin Rayuwar Jirgin Black Joke, Kashi na 3: Igwa 2 a Gaban 14

A makon jiya mun tsaya inda Laftanar Henry Downes ya karɓi ragamar jirgin. Ga wanda bai bi mu tun farko ba, asalin Black Joke jirgin fataucin bayi ne na Burazil mai suna Henriqueta. Sojan ruwan Ingila suka kama shi a Satumbar 1827 da bayi 569 a ciki, Kwamanda Collier, shugaban rundunar da ke farautar jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, ya saye shi a gwanjo a Freetown ta Saliyo saboda tsananin gudunsa, ya sa shi aikin farautar.

A Janairun 1829 Downes ya tarar da El Almirante, jirgin Sifaniya, a gaɓar Legas yana shirin lodi. Bai taɓa shi ba. Yarjejeniyar 1817 tsakanin Ingila da Sifaniya ba ta yarda a kama jirgi ba sai da bayi a cikinsa. Ko an ga sarƙoƙi jibge, kotun haɗin gwiwa ta Freetown sakinsa za ta yi. Dole ya ja can nesa inda ba a hango turakunsa, ya jira a ɗora mutane. Wannan doka ta cuci bayin Allah ƙwarai, don sai an cusa su cikin ramin jirgi kafin a sami ikon cetonsu.

Da El Almirante ya fito, aka bi shi awa 31. Iska ta ɗauke, ƙyallayen jirgi suka saki, sai mutanen Downes suka zura dogayen itatuwan tuƙi ta gefe, suna ja da ƙarfin damtse cikin zafin rana, har suka cim masa ran 1 ga Fabrairu.

El Almirante igwa 14 gare shi da mutum kamar 80. Black Joke kuwa igwa 2 kacal. Amma babbar doguwa ce, mai jefa curin ƙarfe na laba 18, wato kilo 8 da ɗoriya, an kuma kafa ta a tsakiyar jirgi bisa madogara mai juyawa. Igwar gefe ba ta harbi sai inda haƙarƙarin jirgi ya fuskanta, sai an juya jirgin gaba ɗaya, kuma babu iska babu juyi. Ita wannan ko'ina ake karkata bakinta. Don haka Downes ya riƙa maƙalewa ta wajen bayan abokin gaba, inda yawancin igwansa ba sa kaiwa.

Ɗurin igwar ma aiki ne mai ƙa'ida. Da an harba, mutum ɗaya ya toshe ƙaramar kafar wuta da babban yatsa, wani ya zura jiƙaƙƙen soso har ƙarshen bututu. Sannan jakar albarushi, kimanin sulusin nauyin curin, sai tsumma, sai curi, sai wani tsumman, a danna da sanda. A huda jakar ta kafar wuta, a ja igiyar ƙanƙarar ƙyasta wuta. In aka yi garaje wajen soso, garwashin da ya rage zai kama sabon albarushi, hannun mai ɗuri ya tafi. Ga kuma wani takunkumin: ba a so a fasa cikin jirgin, don mutanen da aka zo ceta suna ƙasa a ɗaure. Sama ake nufa, wajen igiyoyi da turaku da masu faɗa.

Cikin minti 80 El Almirante ya sauke tuta. Mutanensa 15 suka mutu, har da kyaftin, 13 suka ji rauni. A Black Joke 6 suka ji rauni, 2 daga cikinsu suka cika daga baya. Da aka buɗe ramin, aka ƙirga mutum 466. Ba dukansu suka isa Freetown da rai ba, don tafiyar makonni ce gaba da iska, ga cunkoso ga atuni.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zazzaɓin shawara da ya afka wa rundunar a 1829.