Yadda na bi sawun sunan Madugu a gidanmu na Zango

A Damagaram ba mu gaji sunan gida irin na Turawa ba. Mutum sunansa ne da na ubansa, in aka ƙara sai laƙabi, ko sana'a, ko garin da ya fito. Amma mu a takardunmu duka akwai Madugu, har jikoki, kuma tun muna yara ake gaya mana kakanmu madugun ayari ne mai kai raƙuma Tarabulus. Da yake a Zango muke, unguwar da ayarin Abzinawa ke sauka tun zamanin Sarki Tanimun, babu wanda ya taɓa musu.

Takardu na fara bi, ba su kai ni nesa ba. Ta mahaifina kotu ce ta ba da ita lokacin da za a sa shi lakwal, wato makarantar boko, shekarar haihuwar ma kintata aka yi. Sunan kuma kowane magatakarda da yadda ya rubuta shi da baƙin Faransanci. Na je wurin wani maroƙi, ya karɓi goronsa, kafin ya sauke numfashi ya haɗa mu da gidan sarauta. Maroƙi ba ya ƙarya kyauta, amma wanda ke neman gaskiyar asali kada ya tsaya nan.

Gwaggona da ke aure a Miriya ce ta warware zancen. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na ajiye waya ina ɗaukar muryarta.

"Gwaggo, Madugu sau nawa ya je Tarabulus?"

Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, Baba ko Tanut bai wuce ba. Baduku ne, ɗan baduku."

A cewarta, uban kakan namu daga wajen Barno ya zo, yana ɗinka jakunkunan fata da kayan sirdi ga fatake. Ranar da aka haifi ɗansa wani babban ayari ya sauka, kuma sunan uban miji aka raɗa wa jaririn, wanda uwar ba za ta iya kira ba saboda alkunya. Sai ta ce Madugu, ya bi shi har kabari. Da aka tambayi mahaifina sunan ubansa a lakwal, wanda ya sani ya faɗa.

Ban karɓa da baki kawai ba. Ta nuna mini tsagen Barebari da ke fuskarta, ta kuma tuna mini yadda Fulani masu tallar nono ke tsokanar gidanmu, wasan da ke tsakaninsu da Barebari. Wannan ya dace da tarihi, domin masarautar Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, fadar Shehun Barno. A ƙasan adakarta akwai basillar Baban nata, mariƙinta ya yi baƙi da hannu.

Tsofaffi ba sa ba da shekara, abin da ya faru suke bayarwa. Ta ce Baba yana goye aka yi yaƙin Tirmini da Faransawa, wato 1899, shekara guda bayan an kashe Kazamaju, hafsan sojan Faransa, a Zinder. Yana saurayi aka yi yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914. Ya yi aure kafin Nasara su ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Da waɗannan na jera rayuwarsa fiye da yadda kowace takarda ta yi.

Wanda zai yi irin wannan aiki ya fara da tsofaffin mata, su ke riƙe da sunan yanka da na sakaya, kuma ya tambaye su ɗaya ɗaya, don in suka haɗu ƙarama ba ta gyara wa babba. Ta haka na gano jikokin ƙanen Madugu suna Kano, unguwar Fagge. A can, sunan Damagaram suke rubutawa a ƙarshen sunansu, har yanzu kuma dukanci suke yi.