Sa hannun da ke mai da ɗalibi nas

A Tarayyar Turai, ba a kiran mutum cikakken ma'aikacin jinya sai ya yi karatun shekara uku aƙalla, awa 4,600, sulusinsu ko fiye a aji, rabinsu ko fiye a bakin gadon majinyaci. Birtaniya na neman awa 2,300 na aikin asibiti. A Amurka kuwa, ko ka gama makaranta, sai ka ci jarrabawar NCLEX kafin jiha ta ba ka lasisi. Waɗannan sharuɗɗa ba banza ba ne. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2014, kan asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, ya gano cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nas masu digiri na tafiya da raguwar kusan kashi 7 cikin ɗari na mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata. To amma abin da aikin horarwa ke koya wa mutum shi ne awa ƙirge ce kawai. Ɗalibi zai iya cika awanninsa kaf yana gyaran gado da kai jini ɗakin gwaji, littafinsa ya cika da sa hannu, hannunsa bai iya komai ba.

Lissafin magani shi ne wurin da ba a yin rangwame. Likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa lita ɗaya cikin awa takwas, robar ƙarin ruwan kuma irin mai ɗigo 20 a kowace mililita ce. Sai a ninka mililita 1,000 da ke cikin lita sau 20, a raba da minti 480 na awa takwas ɗin, a samu kusan ɗigo 42 a minti. Ba a nan ake faɗuwa ba. Ana faɗuwa ne wajen ɗaukar robar ƙarin jini, wadda yawanci ɗigo 15 ce, ko ta yara mai ɗigo 60, a yi mata lissafin 20 saboda ba a duba ledar ba. Haka ɗigon lamba: a rubuta .5 babu sifiri a gaba, mai karantawa ya ga 5, majinyaci ya sha ninki goma. A rubuta 5.0, ɗigon ya dushe, ya zama 50. Shi ya sa ake hana taƙaita ma'aunin insulin, maganin ciwon sukari, da harafin U, don yakan yi kama da sifiri. Sinadarin potassium kuma, idan aka ɗura shi kai tsaye cikin jijiya ba a sirka ba, yana tsayar da zuciya. Makin tsallakewa na kashi 50 bai dace da wannan darasi ba. Wanda ya ci bakwai cikin goma, su wane ne majinyata ukun da suka rage?

Sai ƙirga numfashi, aikin da kowa ke rainawa. Babban mutum mai lafiya yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, kuma idan ciwo ya fara tsananta, sau da yawa numfashi ne ke fara hawa kafin awon jini ya sauka. Sai ka buɗe takardar majinyaci ka ga 18, 18, 18 tun safe har dare, ka san ba a ƙirga ba, cikewa aka yi. Hanyar ita ce a bar yatsu a wuyan hannu bayan an gama jin bugun jini, ido na kan ƙirji, a ƙirga minti guda cur, domin da majinyaci ya gane ana lura da numfashinsa sai ya sauya shi. Ɗalibin da ya ƙirga 28 ya rubuta ya wuce abinsa bai ci ba. Cin yana ga wanda ya san wa zai kira, ya kuma faɗi abu huɗu a jere: halin da ake ciki, tarihin majinyacin, abin da ya gani, da abin da yake so a yi yanzu.

Don auna irin wannan ne ake amfani da jarrabawar tasha-tasha, wato OSCE, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975. Ɗalibi na zagaya tashoshi, 'yan mintoci a kowace, mai jarrabawa na riƙe da jerin matakai. Tana da kyau, sai dai ana iya haddace ta. Mutum-mutumin horo ma haka: ya dace da koyon farfaɗo da zuciya da sa robar fitsari, amma ba ya tsoro, ba ya ƙin magani, ba shi da 'yan uwa da za su tsaya a kanka.

Ƙofar gaske dai tana hannun nas ɗin da ke sa wa ɗalibi hannu a ɗakin majinyata, kuma nan ne shingen ya fi gajarta. Kathleen Duffy ta yi bincike a kan wannan a Birtaniya a 2003, ta nuna yadda masu kula da ɗalibai ke tsallakar da wanda su kansu ba su gamsu da shi ba. Dalilan sanannu ne: tausayi, gudun rigima, rashin lokaci, da tunanin ai na gaba zai kama shi. Na gaban shi ma ya ga sa hannu uku a baya, sai ya ƙara na huɗu. Maganin ba tsanani ba ne, tsari ne. A zauna da ɗalibi a makon farko, a tsakiya, da ƙarshe. Idan akwai rauni, a rubuta shi tun tsakiya, da rana da abin da ya faru. "Ba ta da kuzari" ba hujja ba ce. "Ta je ba da magani sau biyu ba ta duba sunan majinyaci a hannunsa ba" hujja ce, kuma abu ne da za a iya gyarawa. A sanar da makaranta da wuri, a yanka wa'adi, a sake dubawa. Kada kuma a sa hannu kan aikin da ba a gani da ido ba, ko da ɗalibin ya rantse ya yi jiya.

Lasisi ma ba ya gama zancen. Sabuwar nas da aka damƙa wa majinyata da yawa a aikin dare tun makon farko za ta koyi gaggawa kafin ta koyi daidai. Binciken nan na 2014 ya nuna kowane ƙarin majinyaci guda a kan nas na tafiya da ƙarin kusan kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwa cikin kwana 30. Watannin farko na buƙatar ƙwararriya guda da aka ambaci sunanta, aikinsu ya riƙa faɗawa lokaci ɗaya, a kuma rage wa ita ƙwararriyar majinyata domin ta samu sukunin tsayawa ta kalli yadda ake zuƙo allura.