Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Da maganin gaɓɓai ya taɓa min gashi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya na tsaya a inda sakamakon gwajin jini ya fito, likita ya tabbatar min cewa abin da muka daɗe muna cewa sanyin ƙashi muna ta shafa man zafi, ashe amosanin gaɓɓai ne irin wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa tana cin gaɓɓansa, wanda a asibiti suke cewa rumatoyid. Ƙarshen 2019 kenan, a nan Kano.

Magani kala huɗu aka rubuta min. Akwai metotreksat, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, shi sau ɗaya ake sha a sati, kuma likita ya ja min kunne sosai yace Hajiya sau ɗaya fa a SATI, wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa, sai na zaɓi daren Juma'a don kar na manta. Sai haidroksikulorokwin na kullum, sai firedinisolon da aka ce na wucin gadi ne kafin sauran su fara aiki, sai folik asid irin wanda ake ba mu a wajen awo. Kuma gaskiya magani yayi aiki, ni da a da sai hantsi yatsuna suke saki, ban iya matse wanki, ban iya tuƙa tuwo, murfin jarka ma sai na kira yaro, sai gani ina zaman tahiya ba tare da na cije leɓe ba. Murna dai ba a magana.

Mai kitsona ce ta fara ganin abin. Yarinya ce 'yar unguwarmu, ta daɗe tana min, ta fi ni sanin kaina. Tana min tsifa sai naji hannunta ya tsaya, tace Anti wani sabon mai kika canja ne? Nace a'a me kika gani. Tace gashin ne yake biyo mataji da yawa, kuma Anti kalarsa ma ba ita ba ce. Ta miƙo min abin da ta tara a cinyarta, wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni dama ba mai tsawon gashi ba ce irin na Fulani ko Shuwa, amma ina da cika, baƙi wuluk, mai taurin da sai an sa rilaksa mai ƙarfi yake kwanciya, masu kitso har ƙorafi suke yana yanka musu yatsa. Yanzu sai ga shi ya yi ja-ja ya bushe kamar na yaron da tamowa ta kama, ko ɗan ja ka yi sai ya tsinke, gefen goshi duk ya yi shara-shara ana hango fata, hatta girata ta yi haske. Abin haushi kuma, a lokacin da na kai ke zubewa sai ga wasu 'yan silin gashi suna fito min a haɓa, fuska ta yi zagaye ta kumbura, har a wajen wani suna naji ana raɗa wai sha-ka-fashe nake sha don maigida ya daina kallon waje. Wannan aikin firedinisolon ne, daga baya na sani.

Da Inna ta zo ta gani, tambayar farko da ta yi min ita ce, ke 'yar nan in an miki tsifa ina kike zubar da gashin? Kun san dai mu, tun muna yara ake hana mu barin gashi a tsakar gida, sai dai a tusa shi a rami ko a binne, saboda kar a ɗauka a yi wa mutum asiri da shi. Inna ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa min, kuma wa ke taɓa kaina in ba mai kitso ba. Haka kawai yarinyar nan da ba ta ji ba ba ta gani ba aka hana ta shigo min gida. Aka kawo rubutu, aka kawo hayaƙi, aka kawo wani jiƙo a jarka. Rubutun na sha, ai ba a ƙin addu'a, amma jiƙon na ajiye shi bayan ƙofa, don tun farko an gaya min metotreksat yana wahalar da hanta, shi ya sa ma ake min gwajin jini a kai a kai, ba zan ƙara mata wani nauyin da ban san me aka jiƙa a ciki ba.

Ana cikin haka sai ƙanena ya ɗauki kwalin maganin ya duba a waya, ya ga an rubuta maganin kansa ne, wato ciwon daji. Shikenan gida ya rikice. Yayata ta kira ni tana kuka, wai ashe abin da nake ɓoye musu kenan, shi ya sa gashi ke zuba. Abban yara kam bai ce komai ba sai da dare yayi, yace ki gaya min tsakaninki da Allah, me likitan nan ya ce miki da ba ki faɗa min ba? Kowa dai shawararsa ɗaya, a daina shan maganin.

Ban daina ba, na jira ranar komawa asibiti, kuma Allah ya taimake ni ranar mace na samu. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne. Mu muna shiga ofishin likita da hijabi har ƙasa, ya duba yatsu ya duba gwiwa ya duba takardar gwaji, kan da ke rufe ba zai gani ba, ba zai tambaya ba, ke kuma kunya ba za ta bar ki ki ce wa namiji gashina na zuba ba, ga layi a waje ana jira. Ni ban ga dalilin da za a rubuta wa mace magani irin wannan a ja mata kunne a kan hanta da jini amma a tsallake maganar gashi ba, sai ka ce ba jikinta ba ne. A gidan aure gashi ba wasa ba ne, kuma ina da yaƙinin akwai matan da suka watsar da maganinsu a ɓoye saboda haka, ciwo ya dawo ya lanƙwasa musu yatsu.

Ita likitar kam na cire mata ɗankwali ta duba da kyau. Tace Hajiya kwantar da hankalinki, ba ki da kansa. Gaskiya ne metotreksat a kan kansa aka fara amfani da shi tun wajajen 1950, sai a 1988 Amurka ta amince a riƙa bayar da shi don irin ciwona, amma abin da ake ba mu ɗan kaɗan ne sosai in aka kwatanta da na masu kansa. Yadda ta min bayani, maganin yana takura wa sinadarin folet ne a jiki, to duk inda ƙwayoyin halitta ke saurin hayayyafa nan yake fara taɓawa, cikin baki, hanji, da saiwar gashi, shi ya sa wasu ke samun gyambon baki wasu tashin zuciya wasu zubar gashi. Tace kusan mutum 1 zuwa 3 cikin 100 ne yake zubar musu da gashi, kuma ba kasafai yake kai wa ga sanƙo ba, raguwa yake. Nace to a canja min mana. Tayi dariya tace wanda ake yawan komawa gare shi, leflunomaid, ya fi wannan, shi kusan 10 cikin 100 ne.

Maganar kala kuma ta ɗora ta a kan haidroksikulorokwin. Ɗan uwan kulorokwin ne, wannan dai na zazzaɓin da yake sa mu ƙaiƙayi muna yara har a kwana ana susa. Tace yana manne wa sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launinsu, a wasu sai ya dusashe gashi, a wasu ya bar tabo mai duhu a fata, an fi ganin na gashin a Turawa masu farin kai amma mu ma yana faruwa, kuma saboda wannan mannewar ne ta tura ni a duba min bayan ido, tace in riƙa zuwa ana dubawa muddin ina shan shi. Ta ƙara da cewa kar mu ɗora wa magani komai, shi kansa ciwon gaɓɓan in ya tashi yana zubar da gashi, ƙarancin jini ma haka, kuma gashi ba ya zuba ranar da aka taɓa shi sai bayan wata 2 zuwa 3, shi ya sa mutane ba sa haɗa shi da sanadinsa. Aka min gwaji, na maƙoƙo lafiya lau, amma sinadarin ƙarfe na jinina yayi ƙasa.

Abin da ta canja ba yawa. Folik asid ya koma kullum ban da ranar Juma'a, aka ƙara min maganin ƙarin jini, firedinisolon aka fara rage shi a hankali don shi ba a yanke shi lokaci ɗaya. Ta hana ni rilaksa da dayis da ƙananan kalaba da duk kitson da ke ɗaga gira, tace gashin da saiwarsa ta yi rauni ba ya ɗaukar ja. Ta kuma ce ko a kemis ne kar na yarda a ba ni Septrin, haɗuwarsa da metotreksat tana iya durƙusar da jini gaba ɗaya. Wannan dan Allah duk mai shan maganin nan ya riƙe, kun san yadda ake miƙo Septrin a kan tari da gudawa ba tambaya.

Abin da ya raba gardama a gidanmu korona ce. A 2020 da Trump ya fito yana yabon haidroksikulorokwin, maganin ya ɓace a kasuwa, wanda ka samu kuɗinsa ya ninka, ga kulle an yi a Kano ba fita. Na daɗe ban samu ba. Gaɓɓai suka ɗan motsa, amma sai ga sabon gashi yana tsirowa baƙi daga tushe, sama ja ƙasa baƙi, kai ɗaya kala biyu, kuma da yake gashi wajen santimita 1 yake yi a wata, layin ya fito raɗau. Na nuna wa Inna, ta daɗe tana kallo sannan tace to Allah ya kyauta. Ita da kanta ta aika aka kira mai kitso, ta ba ta turmin atamfa, ba ta dai ce yi haƙuri ba, amma kowa ya gane. Da magani ya dawo kasuwa likita ta auna nauyina ta rage min yawansa, jan bai dawo da ƙarfi irin na da ba.

Sai dai gashin da ya fito ba nawa na da ba ne. Wannan mai laushi ne, siriri, yana nannaɗewa da kansa, kitso ba ya daɗewa a kai yake warwarewa, taurin nan da nake ƙorafi a kansa shekara da shekaru ya tafi, wani lokaci har kewarsa nake. Man kaɗanya nake shafawa, in furfura ta dame ni na kwaɓa lallen gargajiya. Masu tallar chebe da karkar sun sha cin kuɗina, ba na ce ba su da amfani ba, suna rage tsinkewa, amma abin da ke faruwa a saiwa daga jini yake zuwa, mai ba ya kai wa can ko da daga Chadi aka kawo shi.

A wannan zuwan da aka rage min magani ne likitar ta rufe fayil ta kalle ni tace Hajiya, allurar tazarar nan da muka yi magana kina kan ta ko? Kin san metotreksat da ciki ba sa haɗuwa, yana zubar da shi ko ya nakasa jariri. Nace ina kai. Abin da ban gaya mata ba shi ne, a satin Hajiyar su Abban yara ta kira shi ɗaki, ya fito yana ce min autanmu ya isa a yi masa ƙani. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.