Gidajen awon igiya da abin da ido ba ya iya aunawa

Duk wanda ya ratsa Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi a Kano ya san cewa da yawa daga gidajen da ke lungunansu ba a zana su a takarda ba kafin a haƙa harsashinsu. Magada ne suka sayar da gonar mahaifinsu, dillali ya zo da igiya ya yanka ta fuloti-fuloti, mai unguwa ya shaida ciniki. Mai fuloti ya fara da katanga da ɗaki guda da banɗaki, ya tare da iyalinsa, sauran ɗakunan kuma suka biyo baya gwargwadon abin da kasuwa ko albashi ya rage masa, wani lokaci har babban ɗa ya isa aure ba a kammala ba. Ban ga abin raini a nan ba, domin ta haka talakan Kano ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa bayan birnin ya zarce tsarin shekara 20 da aka yi masa na 1963 zuwa 1983.

Gini ba tare da zane ba tsohon abu ne a wurinmu. Gidan Rumfa da Gidan Makama aikin magina ne da suka gaji sana'ar, kuma har sarautar Sarkin Magina gare su. Maginin ƙasa ya san irin ƙasar da za ta yi tubali da kwanakin da za ta yi a jiƙe da ciyawa, ya san dalilin da ya sa bango yake faɗi a gindi ya tsuke a sama, ya kuma san iyakar tazarar da azarar giginya za ta ɗauka, shi ya sa idan ana son soro mai faɗi sai a ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ɗaurin azara da ke riƙe rufi. Ginin ƙasa yana yin gargaɗi, yana tsagewa ko ya zaizaye, a yi masa yaɓe kafin damina.

Kankare kuwa yana ɓoye rauninsa. Birkila, komai ƙwarewarsa, ba zai gane da ido yawan rodin da rufin kankare yake bukata ba, balle a ce an buga bulon da ya fi ƙarfin buhun siminti don a rage kuɗi, ko an ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa. Benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022, tun ana cikin gininsa, ya danne mutane ne cikin ƙiftawar ido.

Abin da ya fi damuna shi ne igiyar ba ta barin wuri don hanya ko kwata, saboda kowace ƙafa kuɗi ce ga mai sayarwa. Ana samun lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, su kuma kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, waɗanda ke karɓar ruwan damina, ana cike su ana gini a kai, ruwan ya koma ɗakunan mutane. Jan fentin gargaɗi na hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, a jikin katangar da aka riga aka gama ba ya gyara wannan. A ganina gara hukuma ta riga dillali isa gonakin Ungogo da Kumbotso ta fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, ta bar mai ɗaki biyu ya yi gininsa a hankali, amma ta tilasta wa duk mai son ɗora bene ya kawo injiniya ya duba harsashi da rodi kafin a zuba kankare.